Zuwa ga Bawana Badamagare, Sabon Makaɗin Dawanau

Gaishe ka Badamagare, bawan Kanawa. Ina gajiya, ina kasuwa, yaya kuma yatsu? Na tambayi yatsun ne saboda an ce sun kumbura, har ba ka iya ɗinke bakin buhu sai yaran shago sun kama maka.

Ba wani magulmaci ne ya kawo mini labarinka ba, iska ce ta kawo, don duk mai kunne tsakanin Dawanau da Kwa ya ji. Ka sayi jitar lantarki. Mutum da gemunsa, mai shago a kasuwar da ake lodin gero da wake da riɗi zuwa Nijar da Chadi da Kamaru, ya rasa inda zai kai ribar kaka sai wani kanti a Sabon Gari, ya rungumo katako mai tsirkiya shida ya shigo da shi cikin a-daidaita-sahu. Da mun ɗauka mun gama da fitinarku. Kakanninka sun zo mana da igwa a zamanin Sarki Alu, Amadu Kuren Daga na gabansu, aka gwabza a Tattarawa, nan cikin ƙasar Dawakin Tofa. Ku ku ce ku kuka ci, mu mu ce mu muka ci, amma dai kowa ya san wanda ya kwana a ɗakinsa da wanda ya kama hanyar arewa. Ashe ba ku haƙura ba. Albarushi ya kasa tashinmu, sai aka bar wasiyya a turo jika da lasifika.

Na ji hujjarka. Wai jita a jininku take, ku mutanen Nijar. Tsaya mu yi lissafi, tunda lissafi ne sana'arka. Jitar da duniya ta san Nijar da ita ta Agadas ce da Abalak da sauran ƙasar Buzaye. Kai kuwa daga Zinder ka fito, kuma daga Zinder zuwa Agadas tafiyar fiye da kilomita 400 ce, alhali daga Zinder zuwa Kano bai kai 300 ba. Wato ko a taswira ka fi kusa da zama yaronmu a kan zama ƙanin mawaƙi Bombino. Abin da na san Damagaram da shi ganuwa ne da fadar sarki da aikin fata, sai kuma hedikwatar ƙasa da Faransawa suka ɗauke muku suka kai Yamai a 1926, har yau kuna ƙorafi. Ban taɓa jin an ce fasfo yana koya wa mutum kiɗa ba.

Kuma su waɗanda kake fakewa da sunansu, ka san da me suka fara? Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen, waɗanda suka ɗauki kyautar Grammy a 2012, da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya harhaɗa tasa yana yaro. Mdou Moctar ma da wayar keke ya yi wa tasa tsirkiya, a gidan da ba a son a ji an ce kiɗa. Da ya tashi naɗar waƙoƙinsa na farko a 2008, wajenmu ya tsallako, a Sakkwato aka naɗa, da irin gyaran muryar nan ta kwamfuta da mawaƙan fim ɗin Hausa ke yi, daga nan waƙoƙin suka riƙa tafiya daga waya zuwa waya har suka ƙetare hamada. Bombino kuwa sai da tawayen Buzaye na 2007 ya kore shi zuwa Burkina Faso da jitarsa, kafin ya zama mawaƙin Nijar na farko da sunansa ya shiga takarar Grammy a 2019. Waɗannan mutane da a ranar farko an miƙa musu irin jitar da kake zagi yanzu, da sun kwana suna godiya.

Don na ji ka fara zaginta. Wai araha ba ta ado, wai ta China ce, wai da ta asali ce da tuni an fara gayyatarka biki. To ni na je na ga jitar da idona, ranar da na zo karɓar bashin da kake ta yi mini hanya-hanya a kansa. Ja ce mai sheƙi, an kwaikwayi ƙirar Stratocaster ɗin da kamfanin Fender ya fitar tun 1954, an rubuta mata wani suna a ka wanda in ka karanta da sauri sai ka ɗauka na asalin ne. Ledar da aka manna a fuskarta ma ba ka ɓare ba, wai kada ta tsufa. Na juya ta, na duba wuyanta, na murɗa kunnuwanta shida. Lafiyarta ƙalau. Ba ta sarki ba ce, amma ta fi ƙarfin mai ita.

Bari in fara da gunjin nan, tunda shi ya fi damun jama'a. An ce ranar da ka fara kunna ta a bayan shago, kafin ka taɓa ko tsirkiya ɗaya, wata yarinya ta shigo da roba cike da jiƙaƙƙen wake tana tambaya ko an buɗe sabon injin markaɗe ne. Kai kuma ka ɗora wa China laifi. Ga yadda abin yake, ka saurara da kyau don ba zan maimaita wa bawa ba. 'Yan sandunan nan uku da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi, kowanne mayen ƙarfe ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla sau dubbai. Tsirkiya ƙarfe ce, in ta girgiza a gaban mayen ƙarfe sai ta haifar da ɗan lantarki a cikin naɗin, shi ne amfilifaya ke ƙara wa ƙarfi har ya fito a lasifika. Matsalar ita ce naɗin nan ba ya da zaɓi. Duk abin da ke aiki da wuta a kusa da shi sai ya kwaso, kuma wutar ƙasar nan tana kai-komo sau 50 a cikin daƙiƙa ɗaya, wannan kai-komon shi ne gunjin da kake ji. Kai kuma ka zauna a tsakanin janareto da fanka, ga cajar waya biyar a soket ɗaya, ga shagon da ba a taɓa binne masa wayar ƙasa ba, ga igiyar jitar da aka ba ka kyauta wadda ta fi taliya sirantaka. Ko jitar miliyan ka ɗauko ka zaunar a wannan wuri, sai ta yi maka irin wannan kukan. Ka matsa nesa da inji, ka sayi igiya mai kauri, sannan ɗan makunnin nan mai zango biyar ka ajiye shi a na biyu ko na huɗu, a jitoci da yawa nan gunjin ke raguwa. In kuwa da ƙaramar amfilifaya mai batir za ka yi aiki, ka huta, mu ma mun huta.

Sai maganar yatsu. Ka ce ƙarafan da aka gitta a wuyanta suna yankarka, tsirkiyoyin kuma sun yi nisa da katako har sai ka danna da ƙarfin ɗaukar buhu. Wannan aikin hunturu ne. An sassaƙa katakon a ƙasa mai laima, aka kawo shi garin da leɓen mutum ma ke tsagewa a watan sanyi. Katako ya bushe ya tsuke, ƙarfe bai tsuke ba, sai bakinsa ya leƙo waje, wuya kuma ya ɗan lanƙwashe. Akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da aka tanada don wannan, ana murɗa ta kaɗan-kaɗan, kwatan zagaye a lokaci guda, da ɗan makullin nan mai lanƙwasa da aka haɗo maka a leda. Na tambayi inda makullin yake, aka ce ka ba ɗanka yana wasa da shi. Sannan kana jingina ta a bangon da rana ke duka tun hantsi, ƙura ta lulluɓe ta, gumin hannunka ya kwana a tsirkiya har ta fara tsatsa. Tsumma ɗaya ya ishe ka magance rabin wannan. Kumburin yatsu kuwa ba shi da magani sai kanta ta fito, kuma kanta ba ta fitowa wanda ke taɓa jita ranar Juma'a kaɗai in 'yan kallo sun taru.

Abin da ya fi ba ni dariya, har sai da na riƙe ciki a hanyar komawa gida, shi ne yadda kake riƙe ta. Na ga wuyan jita ya nufi dama, tsirkiya mai kauri tana ƙasa, siririyar tana sama, kana ta fama kana gumi. Na ce lafiya? Ka ce haka Mdou Moctar ke riƙewa, a waya ka gani. Bawan Allah, mutumin bahago ne. Kai da ko tuwo ba ka iya kaiwa baki da hagu, ka kife jita ka zauna kana jiran baiwa ta sauko. Ga shi ba ka saita ta. Sabuwar tsirkiya tana saki sai ta gama miƙewa, kowane zama sai an sake ɗaure ta, kuma wayar da kake kallon mawaƙan da ita tana iya ɗaukar manhajar saiti kyauta. Kai tun ranar da mai kanti ya saita maka ba ka ƙara taɓa kunnuwanta ba, wai kada ka ɓata masa aiki.

To shi ne yanzu nake jin wai za ka sayar da riɗin da ka ɓoye, ka aika a sayo maka ta asali daga Amurka. Kada ka soma. Shi kansa kamfanin Fender ya san ba kowa ke da kuɗin babbar ba, tun 1982 yake fitar da mai sauƙin kuɗi da sunan Squier, kuma mutane da yawa da ita suka koya, wasu da ita suke cin abinci. Mai koyo ba ya jin bambancin da ake biyan kuɗin dominsa, hannunsa bai kai wurin ba tukuna. Sannan jita mai tsada a Dawanau wahala ce: ka hana yara taɓawa, ka hana kanka barci, in wani abu ya lalace a cikinta babu mai gyara sai ka shiga birni kana tambaya. Wannan kuwa ko ta faɗi daga kan buhu, mai gyaran rediyon bakin titi zai liƙe mata waya da dalma a ci gaba. Kada ka raina shi. Leo Fender ɗin da ake ta kiran sunansa mai gyaran rediyo ne a Kalifoniya kafin ya fara ƙera jita, kuma har ya bar duniya a 1991 bai iya kaɗa ta ba. Ka ga a rashin iyawa kana da babban magabaci, sai dai shi kuɗi ya samu da ita, kai kuwa kashewa ka yi.

In ka ce tsirkiya shida ta yi maka yawa, ba abin kunya ba ne. Marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi ya rayu har ya rasu a 2015, ɗan gwangwani da aka rufe da fata, tsirkiya ɗaya tal, kuma da ita ya sa shugabanni da 'yan kamasho suka tsaya suna saurare. Kai kana da shida, ga wuta, ga lasifika, amma abin da ka iya tarawa shi ne akuyoyin maƙwabta, su ma gudu suke yi.

Ban ce ka daina ba, kada ka je ka ce Bakano ya yi maka baƙin ciki. A ƙasar nan kalangu muka sani da kukuma da garaya, 'yan fim kuma suka zo mana da fiyano, jita sai dai a ji ta a cocin Sabon Gari ko a wayar direbobin da ke zuwa lodi daga arewa. In wani zai zauna ya koye ta a Dawakin Tofa, garin da makarantar kimiyyarsa ke koyar da yara tun 1977, ba laifi, ko da Badamagare ne. Sai dai da sharaɗi. Ka juya ta daidai. Ka karɓo makulli daga hannun yaro. A bayan amfilifayarka akwai ɗan rami, na gan shi, na sa iyafis ne, ka saya ka toshe kunnenka ka riƙa shan abinka kai kaɗai daga bayan isha'i zuwa lokacin da ka ga dama. Ka ɗauki waƙa ɗaya, guda ɗaya, ka bi ta kullum har sai matarka ta gane wacce ce ba tare da ka faɗa mata ba. Ranar da aka kai nan, ka aiko, zan zo da kujerata.

Idan kuma abin ya faskara, ina da aiki a gare ka. Gerona ya kusa nuna, tsuntsaye sun fara sauka, yaran da ke kora kuma sun ce sai an ƙara musu kuɗi. Ka zo da jitar da batir ɗinka, akwai inuwar gawo a tsakiyar gonar, za a kawo maka fura da rana. Ba sai ka saita ta ba, yadda take ɗin nan ake so.

Saura kuɗin shara. Watan cika-ciki ya zo ya wuce ba ka leƙo ba, na bara ma da alkawari ka biya. Mutumin da ke da kuɗin sayen jita ba zai ce mini kasuwa ba ta tafiya ba. Ka haɗa na shekara biyun ka ba yaronka ya kawo, da tiyar wake biyu ladan bayanin da na yi maka a kan mayen ƙarfe. Kuma a sefa nake so, kai ma ka san dalili.