Wasiƙa zuwa ga taubashina a Ƙofar Wambai

Bawana! Ya gida, ya Inna? Sanyin Landan yana gaishe ka.

An ce har yanzu kai ne sarkin Whot na unguwa, mai zubar da manyan katunansa tun kafin shayi ya huce. To, na samo kartar da za ta yi maganinka. Birij ake ce mata, kuma Ba'amurke Harold Vanderbilt ne ya tsara lissafin da ake bi yau a 1925. Gaya wa Inna ta kwantar da hankali, inda muke bugawa ko kwabo ba a sawa.

Mutum huɗu ne, biyu-biyu, kowa da kati 13. Wanda ya ɗauki alkawarin cin zagaye kaza, abokinsa zai baje katunansa a tebur ya naɗe hannu, shi kuma ya buga hannu biyun. Wanda ya ci zagaye shi ke fara na gaba, don haka katin tebur komai kyansa ba ya motsi sai ka samu hanyar shiga wurinsa. Kamar ganuwar Bauchi ce a zamanin Yakubu: dukiya na ciki, amma sai ta ƙofa.

Ka ce a tebur akwai As da Sarki da ƙanana huɗu na iri ɗaya, kai kana da ƙanana biyu, tebur kuwa ba shi da wani babban kati. Na san ka, da As da Sarki za ka fara kana dariya. Na uku abokan gaba su cinye, hannunka ba sauran irin, ƙananan uku su kwana a tebur suna kallonka. Abin yi shi ne ka sakar musu zagayen farko da gangan. Biyar ke hannunsu, kuma sau da yawa uku da biyu suke rabuwa. In wasa ya dawo gare ka, ka shiga da ɗayan da ka ajiye, As da Sarki su share nasu, ka kwashe biyar maimakon biyu. Wallahi ranar da na fara ganin wannan sai da tsigar jikina ta tashi.

Ka fara atisayen haƙuri, don da sallah zan zo da karta. Wanda aka cinye shi zai sayi masa da miyar taushe, saboda haka fara tara kuɗi.

Ubangidanka na Landan