Ɗan Haya Mai Igwa da Masu Cewa Ba Ya Tashi

Na san ku sarai. Kuna nan a bencin mai shayi bayan isha'i, ko a ƙofar shagon tela, kun harɗe ƙafa. Da zarar rediyo ya ce wata ƙasa ta zauna da Amurka ko Faransa kan batun sansanin soja, sai ku taɓe baki: "Tattaunawar me? Ai an gama magana tun a can, wannan ɗaukar hoto ne kawai." Limaminku a wannan mazhaba wani abokina ne Bazazzagi. Ni Bakano ba zan faɗi sunansa ba saboda kara, duk da cewa kara ba ta cika ratsa tsakanin Kano da Zazzau ba. Shi a karatunsa, in Bature ya kafa tanti a gonarka, to kai ne za ka nemi wata gonar.

A watan Agustan 2023, kwanaki kaɗan bayan sojoji sun kifar da Shugaba Mohamed Bazoum a Yamai, sababbin masu mulki suka ce sun soke yarjejeniyoyin soja da Faransa. Mutumin nawa ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce in dai sojan Faransa ya bar Nijar, shi zai ciyar da ni tsire har sai na ce ya isa. Ba caca muka yi ba, malamai ku kwantar da hankalinku, alkawari ne ya ɗauka da bakinsa. Da farko kamar zai ci riba, don shugaban Faransa Macron ya kafe cewa bai san da wata gwamnati ba sai ta Bazoum, jakadansa Sylvain Itté ma ya ƙi fita bayan an ba shi sa'o'i 48. Amma ranar 24 ga Satumba Macron ɗin nan da kansa ya sanar da janyewa, kuma kafin ƙarshen Disamba sojoji kusan 1,500 sun tattara komatsansu. Na je neman tsirena, sai ya ce, "Haba, Faransa ai tsohuwar kura ce, haƙoranta sun zube. Ka jira a taɓa Amurka ka gani."

To, an taɓa.

Sansanin Amurka na Agadas, wanda suke kira 201, ba rumfar kara ba ce da za a tuge da hantsi. Amurka ta kashe fiye da dala miliyan 100 wajen gina shi, da doguwar hanyar tashin jirage a tsakiyar rairayi, kuma daga 2019 jiragenta marasa matuƙa suka riƙa tashi daga nan suna leƙen Sahel da kudancin Libiya. Ga wani sansanin a gefen filin jirgin saman Yamai, ga sojoji wajen dubu. A watan Maris na 2024 wata tawaga mai nauyi ta sauka Yamai: Molly Phee ta ma'aikatar harkokin waje, Celeste Wallander ta ma'aikatar tsaro, da Janar Michael Langley, kwamandan rundunar Amurka mai kula da Afirka. Sun zo da damuwarsu kan ƙawancen Nijar da Rasha da Iran. Suka nemi ganin shugaban mulkin sojan, Janar Tiani, har suka ƙara kwana, ba su gan shi ba. Ranar 16 ga Maris kakakin gwamnati, Kanar Amadou Abdramane, ya fito a talabijin ya ce an soke yarjejeniyar soja da Amurka nan take. Ya zargi baƙin da rashin bin ƙa'idar diflomasiyya, da magana cikin raini, da barazana.

Nan ne nake son ku saurara da kyau, ku masu cewa zaman tebur wasan kwaikwayo ne. In da an gama komai tun a can, me ya kawo manyan nan uku cikin zafin Yamai su zauna jiran ganin mutum? Firaminista Ali Lamine Zeine ya bayyana daga baya cewa yanayin maganar da aka yi musu ne ya ɓata lamarin: baƙo ya zo gidanka yana gaya maka da wa za ka gaisa. Kowane Bahaushe ya san abin da ke biyo baya in ɗan haya ya fara zaɓar wa mai gida abokai. A Afrilu Zeine ya gana da Kurt Campbell na ma'aikatar harkokin wajen Amurka a Washinton, Amurka ta amince za ta fita. A Mayu aka sa wa'adin 15 ga Satumba. Suka bar Yamai a Yuli, suka miƙa Agadas ranar 5 ga Agusta, tun wa'adi bai cika ba.

Wani abu dai ya ba ni dariya a jawabin Kanar ɗin, kuma ba zan ɓoye ba don kada ku ce ina yi wa wani kamfe. Ya ce yarjejeniyar 2012 haramtacciya ce saboda ba a tuntuɓi wakilan jama'a ba kamar yadda tsarin mulki ya tanada. Maganar gaskiya ce mai kyau, sai dai ta fito daga bakin waɗanda suka jingine tsarin mulkin da hannunsu. Ko a kasuwa akan sami mai algus yana ƙorafin mudun maƙwabcinsa.

Yanzu Bazazzagi ya sauya waƙa. "Ai an kori wani ne an kawo wani." A nan kam ya ɗan taɓo gaskiya, ba zan hana shi ba. Masu horar da soja daga Rasha sun sauka Yamai a Afrilun 2024, har aka ba su masauki a wani ɓangare na sansanin da Amurkawa ba su gama kwashe kaya ba. Tsohon ɗan haya yana ɗaure tabarma, sabo yana shimfiɗa tasa a ɗakin kusa. Kuma hare-haren yankin Tillaberi ba su tsaya don wani ya zo ko wani ya tafi ba. Amma malam, ka lura ka sauka daga kan maganarka ta farko. Da cewa ka yi ba ya tashi. Yanzu kana cewa ya tashi amma wani ya shigo. Wanda ke iya zaɓar wa zai ba ɗaki, ai shi ne mai gidan, ko da zaɓen nasa bai yi maka daɗi ba.

Abin da ba ku gani daga bencin mai shayi shi ne irin cinikin da ake yi a ɗakin tattaunawar. In sojansu ya kaɗe yaro da mota, kotun wa za ta yi shari'a? Kayan da suke shigowa da su, kwastan zai buɗe ko ba zai buɗe ba? In jirgi zai tashi ya kai hari, sai an nemi izini ko sai dai a ji a labarai? In za a rabu, notis na wata nawa? Jamus ma a lokacin tana da ƙaramin sansanin jiragen sufuri a Yamai, kuma ta so ta zauna. Abin da ya raba su shi ne rigar kariya: Jamus ta ce sai an ba sojojinta kariya daga gurfana a kotun Nijar, Nijar ta ce albarka. A ƙarshen Agustan 2024 Jamusawa suka tafi ba tare da hayaniya ba. Italiya kuwa, da ta iya lallaɓa mai gida, aka bar ta. Gari ɗaya, gwamnati ɗaya, baƙi huɗu, kowa da yadda ta kaya masa. Ku gaya mini wane marubucin wasan kwaikwayo ne ya tsara wannan.

Akwai kuma waɗanda suka mayar da abin sana'a. Jibuti, ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan ɗaya da 'yan kai ba, ta zauna a bakin mashigar Bahar Maliya kamar mai gidan haya a bakin tasha. Faransa na ciki, Japan na ciki, Italiya na ciki. A 2014 Shugaba Ismail Omar Guelleh ya ɗaga wa Amurka kuɗin sansanin Lemonnier zuwa dala miliyan 63 a shekara, sannan a 2017 ya buɗe wa Sin ƙofa a unguwa ɗaya. Amurka ta yi gunaguni, ta ci gaba da biya.

Amma gwanin dillalai shi ne Shugaba Kurmanbek Bakiyev na Kirgistan. A Fabrairun 2009 ya je Mosko, aka yi masa alkawarin rancen kusan dala biliyan 2, nan take ya ce zai rufe sansanin Amurka na Manas, wanda ta nan ake kai sojoji Afganistan. Bayan wata huɗu sai ga sabuwar yarjejeniya: haya ta tashi daga dala miliyan 17 da ɗoriya zuwa miliyan 60, aka cire wa wurin sunan sansani aka kira shi wurin ya da zango. Ya karɓi la'ada hagu da dama. Ko a Kantin Kwari sai an tashi tsaye an gaishe shi. Kodayake shekara na zagayowa jama'arsa suka kore shi, wannan kuma wani karatun ne.

Don kada ka tafi hannu rabbana, Bazazzagi, ga naka guda ɗaya: Gwantanamo. Tun 1903 Amurka ke zaune a wannan gaɓa ta Kyuba, kuma yarjejeniyar 1934 ta ce ba a tashi sai ɓangarorin biyu sun yarda ko ita Amurka ta bari da kanta. Duk shekara tana aika cakin dala 4,085, gwamnatin da Castro ya kafa tana ƙin karɓar kuɗin. Ka ga wannan ɗan hayan kam ya zauna daram. To amma me ya zaunar da shi? Layi ɗaya a takarda, wanda aka sa wa hannu lokacin da mai gida ba shi da bakin cewa albarka. Filifin kuwa, da tsarin mulkinta ya ce sai Majalisar Dattawa ta amince, sanatoci 12 suka rinjayi 11 wajen ƙin sabunta yarjejeniyar sansanonin Amurka a Satumban 1991, kuma kafin ƙarshen 1992 jiragen ruwan Amurka sun bar sansanin Subic. Da rigimar teku da Sin ta yi zafi, su da kansu suka sake zama da Amurka a 2014, bisa sababbin sharuɗɗa.

Kai ko a gida an yi. Yarjejeniyar tsaron da Najeriya ta ƙulla da Ingila a 1960 ta ba jiragen sojan Ingila damar ratsawa da sauka a ƙasar. Ɗaliban Ibadan suka yi tattaki har majalisa a Legas, 'yan adawa suka hura wuta, a Janairun 1962 gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta soke ta. Lokacin ko wayar hannu babu, balle Facebook da kuke zama kuna rantsuwa babu abin da talaka zai iya.

Na ji an ce yanzu ka koma cewa duk Amurka ce ta shirya fitar tata da kanta, don dama ta gaji da Agadas. Allah ya ba ka lafiya. Mutum ya gina gidan dala miliyan 100 don ya gaji da shi cikin shekara biyar, wannan sai dai a Zazzau.

Faransa ta bar Nijar ranar 22 ga Disambar 2023. Tsirena nake jira, da yaji da albasa, kuma kada ka aiko yaro.