Yajin da Na Yi wa Layin Wayata

Duk wanda ya taɓa cinikin bandar kifi a kasuwar Nguru ya san farashin gaskiya a ƙeya yake. Ka taya, mai kifi ya ce albarka. Ka ƙara, ya ce albarka. Sai ka juya ka yi taku uku kafin ka ji, "Malam, dawo kawo kuɗin." Na daɗe ina cin moriyar wannan ilimi, ban san kamfanin waya ma makarantarsu ɗaya da masu kifi ba.

Layin nan nawa tsohon zama ne. Tare muka ga 2013, lokacin da aka katse sadarwa a Yobe da Borno da Adamawa bayan dokar ta-ɓaci, waya ta koma tocila da agogo. Ban yar da shi ba. Da aka ce a ƙarshen 2020 kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN, na bi layi saboda layi, cikin ƙurar hunturu, leɓe duk a tsage. Duk wannan biyayya ko sannu ba a taɓa ce mini ba.

Tura ta kai bango bayan Janairun 2025, da hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Ni kuwa datata aikinta guda ne, in kira ƙanina da ke Jidda ta WhatsApp, amma sai ta riƙa narkewa kamar ƙanƙara a zafin Afrilu. Ga wasu 'yan kuɗi da ake tsakura mini ban san na mene ne ba, sai ranar da surukina ya kira daga Gashuwa ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, waƙar da ka sa mana kafin ka ɗauka, ta samari ce fa." Ashe wata guda ke nan duk dattijon da ya neme ni sai ya sha waƙar soyayya, kuma ni nake biya. Daga baya yaron da ke cajin waya a unguwarmu ya koya mini *305# na cire irin wannan kaya, da tura STOP zuwa 2442 don toshe tallace-tallace, amma ai an riga an yi abin kunyar.

Na zare layin, na jefa a gwangwanin allurar uwargida. Yaji ke nan.

Mako uku na daure, ina aron wayarta. Ranar da na mayar da shi don in kwafi wata lamba, sai saƙonni suka yi ta shigowa kamar farin ɗango. Sun yi kewata. Ni babban abokin hulɗa ne. In na sa kati yau za a ninka mini, ga kyautar data a kai. Ban gama karantawa ba wata yarinya mai zaƙin murya ta kira, tana ranka ya daɗe, tana ko mun yi maka laifi. Na ce, "Baiwar Allah, ai laifinku ya fi ƙarfin lissafi." Ta ba da haƙuri, ta ƙara garaɓasa. Na yi shiru irin na mai jan aji, ta sake ƙarawa. Biko dai sosai, sai goro da ba a kawo ba.

Na sa kati.

Abin da ba ta faɗa da ƙarfi ba shi ne, kyautar ba ta aiki sai tsakar dare, kuma kwanakinta ƙidayayyu ne. Ni kuwa ba a haife ni in bar kyauta ta lalace ba. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda sabis ya fi kamawa, sauron fadama ya taru a kaina kamar an yi masa gayyar suna. Wanda bai kwana a Nguru ba bai san sauro ba. Namu a cikin kacala yake girma, ba ya jin maganin kunnawa. Na kalli wa'azi, na kalli dambe, na kalli yadda ake gyaran injin jirgin ƙasa, ko Allah zai sa a tuna da tsohuwar tasharmu. Data ta ƙi ƙarewa. Ƙarfe biyu na dare na ce bari in gai da ƙanina, na manta Jidda ta riga mu da awa biyu. Ya ɗauka a firgice: "Yaya, wa ya rasu?" Na ce babu, garaɓasa ce.

Zazzaɓin da ya biyo baya ya ci ninkin abin da aka ninka mini.

Da na warke na ce wannan karon saki ne, ba yaji ba. Tun Afrilun 2013 doka ta ba mutum damar ya koma wani kamfani da lambarsa, ya tura PORT zuwa 3232 a gaban ma'aikacinsu. Aka ce mini na'urar wani shago a Gashuwa ta fi sauri, na hau mota, kilomita 60 da ɗoriya, muka tsaya a Jajimaji aka ɗora mini buhun barkono a gwiwa, na isa ina atishawa.

Yaron shagon ya duba ya ce, "Baba, a katin NIN ɗinka Muhammad, a layinka Mohammed." Na ce duk ni ne. Ya ce na'ura ba ta san haka ba. Ya kuma ce akwai bashin katin da na ranta ta *303#, sannan in na ƙaura, sauran kyautar da ke ciki ta bi ruwa. Nan ne gabana ya faɗi. Kyautar da na ba da jinina saboda ita?

Na sayi sabon layi a wurinsa, na bar tsohon a mazauninsa. Na fita da niyyar saki, na dawo da kishiya, kowanne da cefanensa.

Da daddare na zayyana wa uwargida komai, har ina taƙamar yadda na ja wa yarinyar kamfani aji. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce ita shekara goma tana sa kati ba fashi, ko saƙon barka da Sallah ba a cika turo mata ba. Na ce ai sirrin ke nan, wanda ya zauna lafiya ba a ba shi komai, sai wanda ya ɗauki takalmi.

Ta ce, "Ashe haka ne, Malam?"

Da safe na tarar da akwatinta a bakin ƙofa, ta yafa mayafi, wai za ta Gashuwa ta ga gida, mako uku. Ta ce in na tashi kira, in fara da faɗin ninki nawa.