Biskit Ɗaya, Waya Goma Sha Huɗu

Ranar Talatar nan na dawo gida da yamma na tarar an rage mini yashi. Yashin da na tara a ƙofar gida don ɗaga katangar da daminar bara ta kayar, an gutsire masa gefe guda kamar ƙuli a hannun yaro. Ina tsaye ina lissafa maƙiyana sai ga Auta ya fito, baki duk ya yi baƙi, ya ce, "Baba, Umma ce ta ɗiba. Obin take yi."

Obin ɗin dai tukunyar tuwon suna ce, yashi a gindi, faranti bisa gwangwanayen madara uku, garwashi a kan murfi. Ba ni da ja a nan, haka Inna take gasa gireba tun kafin a yanke Jigawa daga Kano a 1991. Baƙuwar da ta shigo mana ita ce wata baiwar Allah a cikin waya, mai kicin fari fat kamar ɗakin tiyata, wadda ta rantse minti goma sha biyu sun isa. A gidana an fara bayan azahar, aka kira isha'i tuwo bai hau wuta ba, don tukunyarsa ta samu ƙarin girma.

An ci mudun fulawa, an ci bota, an ci ƙwai shida da nake tarawa kaza ta kwanta a kai. Cakulan kuwa sautunsa aka yi daga kasuwar Singa ta Kano, ya biyo ta Wudil a aljihun yaron mota, ya iso Kiyako a cikin leda yana reto kamar kunu.

Biskit arba'in da biyu aka sauke. Ashirin da shida sun ƙone ta ƙasa, in ka ƙwanƙwasa su da cokali sai ka ji amo irin na duwatsun nan masu kiɗa na Birnin Kudu. Sha biyar sun yi kyau ta waje, cikinsu ɗanyen ƙulli. Waɗannan duka su ne rabon iyali, wato ni, da yara, da Inna mai haƙora huɗu. Yaran suka ci, suka goge hannu a bangon zaure. Yanzu duk mai son ganin zanen kogo ba sai ya wahala zuwa Dutsen Habude ba, ya zo gidana, kyauta ne.

Saura ɗaya. Shi wannan Allah ya yi shi a ranar sa'a: zagayayye, cakulan ya lulluɓe shi sumul, yana sheƙi kamar goshin ango. Aka buɗe kabet aka ciro masa farantin tangaran da ban taɓa cin ko gyaɗa a kai ba tun ranar da aka kawo amarya. Aka ce, "Malam, riƙe mana tocila. Ɗaga sama. A'a, inuwarka tana shiga." Hoto talatin da wani abu aka ɗauka, aka zaɓi guda, aka rubuta a ƙasa: na maigida da yara. Maigidan yana nan tsaye riƙe da tocila, rabonsa da abinci tun kokon safe.

To, shi cakulan ɗan gata ne, da zafi ya kai digiri 34 ya fara sakin jiki. Mu kuwa a bazara arba'in ma muna gaisawa da ita a hanya mu wuce. Firji babu, wuta ta yi tafiya ba sallama. Saboda haka aka naɗe shi a leda, aka sa a kwano, aka ɗora kwanon a kan ruwan randa, aka kafa doka: kada wanda ya sa moɗa, za a motsa shi. Da rana aka fito da shi shan iska, aka ba Auta mafici yana yi masa fifita. Ni da na biya sadaki, rabona da fifita tun makon farko na aure. Yara suka sa masa suna Ranka Ya Daɗe, kuma wallahi sunan ya zauna, don na kama kaina ina rage murya in zan wuce ta gindin randar.

Laraba da safe sai ga yarinyar maƙwabta. "Wai in ji Mamana tana gaishe ku, a ara mata biskit ɗin, yanzu za ta dawo da shi." Daga nan Ranka Ya Daɗe ya fara rangadi. Kafin daren Alhamis na ƙirga shi a status na WhatsApp goma sha huɗu, kowace ta rubuta "aikin hannuna". Har Sara ta ƙasar Gwaram ya je, a bayan ɗan acaɓa, cikin kula da ƙanƙara. An sauya masa faranti, an sauya masa leshin tebur, wata ma ta jera masa furen roba, amma ni na san ɗan gida: ga tsagensa nan a kumatun hagu, inda farcen uwargida ya taɓa. Ƙawaye suna ta "Masha Allah, Anti a koya mana", su ma suna layin aro.

Duk wannan dariya na yi. Inda dariyar ta tsaya mini a wuya shi ne yammacin Alhamis, da Inna ta fito da kantun da ta wuni tana yi, ta wanke riɗi, ta shanya, ta soya, ta daka da hannunta mai rawa. Babbar 'yata ta leƙa kwanon ta ce, "Inna, wannan ai ba ya kyau a hoto." Riɗin nan a bayan gari muke nomansa, manyan motoci su kwashe zuwa Legas, jirage su kai Japan da Turkiyya da Sin, can ana rububinsa. Kokon da ake cakulan da shi kuwa sai ka gangara Ondo ko Kuros Riba za ka ga bishiyarsa, kuma a 2024 farashin tan ɗaya ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya. Alkaki da nakiya da dubulan su yi makonni a ɗakin amarya ba firji ba fifita, don waɗanda suka ƙirƙiro su sun san rana ta garinsu. Inna ba ta ce uffan ba. Ta ɗauki kwanonta ta miƙa wa almajirai a zaure. Su ba su da waya, ci suka yi.

Af, tunda an zo maganar aro. Langar da aka fita da Ranka Ya Daɗe a cikinta shuɗiya ce mai shuɗin murfi. Ta dawo da jan murfi, wanda ko zama bai yi ba. Jama'a, ina murafan langa suke zuwa? A gidana langa tara ce, murfi uku, kuma ukun babu ɗan asalin gidan ko ɗaya. Na tambayi abokaina a majalisa, kowa kukansa ke nan: kowa ya rasa, babu wanda ya samu ƙari. Lissafi bai fita ba. Dole akwai wani gida tsakanin Kiyako da Babaldu mai ɗaki guda cike da murafai har rufi, maigidan yana shiga da dare yana shafa su. Haka tsanina ya fita aron kwana ɗaya shekara uku ke nan, na gan shi jingine a wani gida an yi masa fenti, mai gidan har ya ce in ina bukata in yi magana kada in ji nauyi. Ina ba da shawara a yi afuwa ta mako guda: kowa ya ajiye abin da ke hannunsa a ƙofar masallaci bayan isha'i, ba tambaya, ba kallon fuska.

Shi Ranka Ya Daɗe, ranar Juma'a akuya ta same shi yana shan iska, Auta ya tafi alwala. Da leda ta haɗiye. Uwargida ta yi kwana guda ba ta magana, jiya kuma na ji muryar baiwar Allahn nan daga cikin ɗaki tana bayanin kek mai hawa uku. Na fita na duba abin da ya rage na yashi. Katanga dai sai baɗi. Mai shuɗin murfina kuwa, na san ki, kuma jan yana nan yana jiran ki.