Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Dattijo Lotus 1-2-3

Zuwa ga tsohon sarkin jadawalin lissafi, Allah ya ja kwana.

Maƙasudin wannan takarda shi ne tambayar yadda dattijo ya ji da baƙunta, domin wanda ya fito a watan Janairun 1983, ya mamaye ofisoshin Amurka har akantoci suka riƙa sayen kwamfutar IBM saboda shi, yau ba ya iya ko buɗe ido a kan sabuwar na'ura. Dalili kuwa sananne ne, an gina shi a kan DOS mai bit 16, wato girman lomar bayani da na'ura ke haɗiya a lokaci guda, alhali Windows mai bit 64 ta rushe ɗakin saukar irin waɗannan baƙi, kuma Windows 11 ta 2021 ba ta da wani nau'i sai wannan.

Masoyansa sun sama masa masauki a DOSBox, manhajar kwaikwayo da ke ɗaukar siffar tsohuwar kwamfuta, ta shimfiɗa masa kilobait 640 ta bar shi yana zaton duniya ke nan. Sai dai, da neman afuwa, domin tsofaffin wasannin kwamfuta aka gina wannan gida, ga shi babban akanta yana kwana a ɗakin yara.

Abin da ya fi jan hankalin masu nazari shi ne gadon da dattijo ya bari. Ya ƙirga 1900 cikin shekaru masu kwana 366, alhali shekarar da ta cika ƙarni ba ta samun ƙarin kwana sai in 400 ta raba ta daidai, da haka ya haifi 29 ga Fabrairun 1900, ranar da rana ba ta taɓa fitowa a cikinta ba. Excel, wadda ta ƙwace masa sarauta, ta ɗauki wannan kuskure da gangan don lissafin kwanakinsu ya zo ɗaya, kuma har yau lamba 60 a wajenta wannan rana take nufi. IBM, da ta sayi Lotus a 1995, ta sallami dattijo a 2014, amma kuskurensa yana zuwa ofis kowace safiya ba tare da DOSBox ba.

Ana roƙon dattijo ya aiko da bayanin abin da ya wakana a ranar 29 ga Fabrairun 1900, tun da shi kaɗai ya halarce ta.

Wassalam.