Masu Cin Gari a Tabarmar Mai Shayi

Bayan isha'i a Sule Tankarkar, akwai tabarmar da ake shimfiɗawa gefen mai shayi, a yi ta jefa kacici-kacici har dare ya raba. Dokar tun ta kakanni ce: in ka kasa amsa, ka ba da gari. Ni dai kallon 'yan wasan nake zuwa yi.

Akwai Gaggawa. Kafin ka rufe baki ya ce "Gauta!" Tun yana yaro ya haddace amsar ƙulin ƙulifita, ya ɗauka ita ce maganin kowace tambaya. Ka ce masa shanunka dubu maɗaurinsu ɗaya, zai ce gauta, tsintsiya kuwa tana jingine a bayansa.

Wanda ya fi cin raina shi ne Sarkin Ƙasa, mai tsadar gari. An kasa kacicinsa, an ce "Mun ba ka Gumel," sai ya taɓe baki, wai can akwai sarki, ba zai je ya zama bafade ba. A ce Gagarawa, ya ce sunan ma ya ishe shi gargaɗi. Maigatari yake so, kuma sai ranar Alhamis, kasuwa ta cika, da raƙuman da suka tsallako daga Nijar da dillalansu duka. Sai an yi ciniki kamar na sa kafin ya faɗi amsa, amsar kuma ta fito ƙwai. Wata rana wani yaro ya gaji, ya kwance ƙullin garin kwaki ya dire masa a gaba: "Ga gari, Baba." Da baki, jan wasali ne ya raba garin zama da garin tuwo, amma ranar ba wanda ya tsaya sauraron bambanci. Sarki ya jiƙa abinsa ya sha.

Sai Lauya. An faɗi amsa, kowa ya yarda, shi yana ɗaga yatsa: "To ai rariya ma haka take."

Ɗan boko kuwa zuwa yake da waya a hannu, ya ce Turawa sun riga mu. Wai a 1987 kamfanin Infocom na Amurka ya fitar da wasan kwamfuta mai suna Nord and Bert, rubutu zalla, ba ka wucewa gaba sai ka gano kalmomi masu kama a kunne ko ka ƙarasa karin maganar Ingilishi. Gaskiyarsa ce. Amma da 'yan mata biyu suka wuce suna zaurance a kansa, suna cusa gaɓa cikin kowace kalma, ko sunansa bai tsinta ba.

Can ƙarshen tabarma akwai dattijo mai gyangyaɗi, hula ta rufe ido. Sai an yi shiru, ana shirin miƙa Maigatari, ya ce "Hayaƙi," ya gyara kwanciya. Sarkin Ƙasa ya daina gaishe shi tun bara.