Darasin Da Babu Mai Faɗuwa

Akwai wani darasi da ba a sa shi a manhaja ba, ba shi da malami, ba shi da gurbi a jadawali, amma ɗalibanmu sun fi iya shi fiye da Lissafi da Turanci a haɗe. Satar amsa ke nan. Tun daga firamare ake soma shi, kuma har yau ban ji wanda aka maimaita wa aji saboda ya kasa ba.

Ranar da malam ya ce gobe akwai tes, daren nan ba a barci. Kada ka zaci karatu ake yi. Yaron da ya shafe zango guda yana kukan hannunsa na ciwo idan an ce ya kwafi layi biyar daga allo, shi ne zai kwana da tocila yana dunƙule babi uku na Bayoloji a takardar da ba ta kai katin waya faɗi ba, da rubutun da sai ka ari tabarau kafin ka gane. Ya naɗe, ya cusa a safa, ko murfin biro, ko cikin hula. 'Yan mata suna da hijabi da tafin hannu, in an tambaya a ce ai lalle ne. Wanda bai samu takarda ba ya rubuta a cinya, ko bayan rula, ko jikin benci. Akwai bencinan da ke ɗauke da amsoshin waɗanda yanzu sun aurar da 'ya'ya, sadakatul jariya ce da ba a yi niyya ba. Abin da ba wanda ya gaya wa yaron nan shi ne, duk wanda ya iya taƙaita babi uku a tafin hannu ya riga ya yi bita. Da ya bar takardar a gida ma, da ya ci.

Da safe kuwa mai ƙoƙarin aji ya zama ango. Wanda jiya ake kira ɗan malam, yau an saya masa awara, an ƙara da zoɓo, ana rigima kan wa zai zauna a damansa. Da an fara, sai ka ga wuyan yara ya ƙara tsawo kamar na raƙumin dawa. Tari ɗaya A ne, tari biyu B, sosa kunne C. Idan ango ya yi kuskure a tambaya ta huɗu, layi guda ya bi shi a kai, cikin biyayya da haɗin kai irin wanda ƙasa ke nema ta rasa.

Shi malam me yake yi? Ya ce a ba da tazara. A ajin da yara sun haura ɗari, huɗu a benci wasu a ƙasa, tazarar daga ina za a aro ta? Ya ce a tara jakunkuna a gaban allo, ya caje aljihun mutum goma ya gaji, ya tunatar da su cewa Allah yana ganin kowa, sannan ya ja kujera bakin ƙofa ya shiga WhatsApp.

Ba mu kaɗai abin ya ishe ba. A 2019 wata kwaleji a jihar Karnataka ta Indiya ta kifa wa ɗalibai kwalaye a ka, aka huda gaba kawai don su ga takarda. A 2018 Aljeriya ta riƙa katse intanet a faɗin ƙasa a sa'o'in jarrabawar gama sakandare, ɗan kasuwa da ma'aikacin banki duk suka sha hukuncin laifin da ba su yi ba. Mu a Najeriya doka muka fi yarda da ita. Bayan tambayoyin WAEC sun zube a kasuwa a 1977, gwamnatin soja ta 1984 ta yanka ɗaurin shekara 21. Daga baya dokar 1999 ta sauko zuwa tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce shekara uku ba ga ɗan ƙasa da shekara 18. JAMB kuma ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015. Duk da haka sana'ar tana nan, kayan aiki kawai ta sauya.

To amma idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Malamin da tambayoyinsa ba su canza ba tun zuwansa makarantar, har ƙane na gadon takardar yayansa, da wane baki zai yi faɗa? "Kawo ma'anar zaizayar ƙasa." "Lissafo dalilai biyar." Ya karanta musu daga tsohon littafinsa, sun kwafa, yanzu yana so su amayar masa kalma da kalma, wanda ya sauya harafi ya rasa maki. Shi ya kwafa daga littafi ana ce masa malam, yaro ya kwafa daga safa ana ce masa ɓarawo.

Da zai ce, "Dubi kwarin da ruwa ya ci a bayan unguwarku, me ya jawo shi, me za a yi?" da ko littafin ya bari a buɗe babu abin sata a ciki, na kusa da kai ma unguwarku ba ɗaya ba. Sai dai hakan na nufin ya zauna ya karanta amsa ɗari mabambanta, ga albashi bai shigo ba, ga azahar yana da aji a wata makarantar kuɗi. Na tausaya masa, amma ban wanke shi ba.

Manyan gwanayen kuwa suna gida. Uwa ce ke yin aikin gida da hannun hagu don ya yi kama da rubutun yaro. Uba ne ke zuwa ofishin shugaban makaranta da kumfar baki don ɗansa ya zo na talatin, alhali ya biya kuɗi cas. Mai makaranta ya san in maki bai yi kyau ba za a kwashe yara zuwa maƙwabta, sai a yi wa sakamako kwalliya, kowa ya zo na ɗaya zuwa na biyar. Kuma uban nan da ya zane ɗansa don an kama shi da takarda a tes na maki goma, shi ne idan an kai aji shida zai cire shi ya kai wata santar jarrabawa a ƙauyen da bai taɓa jin sunansa ba, ya biya kuɗin "taimako", ya ce a yi wa yaro addu'a. A Bihar ta Indiya a 2015 an ɗauki hoton iyaye suna hawa bangon bene don miƙa amsa ta taga. Namu sun fi su natsuwa, ta waya suke turawa.

Don haka malam, a tes mai zuwa ka rage caje, ka sauya tambaya. Ku kuma iyaye, duk wanda ya san ya riga ya biya kuɗin santa, don Allah idan an zo taron iyaye da malamai ya zauna a baya, ya bar wa wasu jawabin tarbiyya.